Soyayyar Mutum Uku da Cin Amana a Finafinan Soyayya

Soyayyar mutum uku jigo ne a finafinan soyayya, inda mutum biyu ke neman zuciyar mutum ɗaya, ko kuma mutum ɗaya ya rasa wanda zai zaɓa cikin biyu. Galibi na ukun ba bare ba ne. Amini ne, ko aminiya, ko ɗan'uwa na jini, shi ya sa jigon ba ya rabuwa da cin amanar aure da ta abota. Hausawan Legas, mazauna unguwanni irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, sun san shi ta ƙofofi uku: finafinan Indiya, finafinan Hausa da ake shiryawa a Kano, da kuma na Nollywood da ake yi a garin da suke zaune.

Finafinan Indiya

Tun wajajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori, masu gidajen silima a biranen Najeriya, suka fara shigo da finafinan Indiya. A Legas an kalle su a gidajen silima da dama, ciki har da Pen Cinema da ke Agege, wanda yanzu babu shi, sai sunansa da ya bi mahaɗar hanyar wurin. 'Yan kallo ba su jin harshen, amma auren dole da biyayyar iyaye da kunyar budurwa ba baƙin abubuwa ba ne gare su. Masanin nan Brian Larkin ya yi rubutu kan wannan shaƙuwa ta Hausawa da finafinan Indiya a 1997.

Fim ɗin Sangam na Raj Kapoor, wanda ya fito a 1964, shi ne ya fi fito da siffar jigon a fili. Aminai biyu ne, Sundar da Gopal, suke son yarinya ɗaya, Radha, ita kuwa Gopal take so. Sundar ya shiga sojan sama, ya bar amanarta a hannun amininsa, daga baya aka ce ya mutu. Da ya dawo da rai sai Gopal ya haɗiye abin da ke zuciyarsa ya janye, aka ɗaura auren Sundar da Radha. Wata tsohuwar wasiƙar soyayya da ba a sa mata suna ba ce ta faɗa hannun mijin, zargi ya shiga gidan, ƙarshe Gopal ya kashe kansa. Abin lura shi ne, babu wanda ya keta haddin aure a cikinsu. Zato kaɗai ya isa ya rusa komai. Silsila na Yash Chopra, a 1981, ya ƙara taki ɗaya, domin a cikinsa magidanci ya koma wa tsohuwar masoyiyarsa alhali kowannensu yana da aure, kafin daga bisani ya dawo ga matarsa.

Littattafan soyayya da Kannywood

Kafin finafinan bidiyo, jigon ya zauna da gindinsa a littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun rubuta rayuwar mace a gidan kishiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, harkar fim ta bunƙasa a Kano, wasu littattafan ma aka mayar da su fim. Sangaya, wanda ya fito wajajen 1999 zuwa 2000, Ali Nuhu da Fati Mohammed suna cikin jarumansa, labari ne na ɗan sarki da zuciyarsa ta karkata ga 'yar aikin gidan sarauta, alhali akwai wadda ake ganin ita ce daidai da shi. Karɓuwar da ya samu ta sa masu shirya fim da yawa suka bi sawunsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya lissafa soyayyar mutum uku da auren dole da rawa da waƙa a matsayin manyan abubuwan da finafinan Hausa na wancan zamani suka ɗauko daga Indiya.

Sai dai a hannun Bahaushe labarin ya sake fasali, kuma nan ne ya fi armashi. Musulunci ya halatta wa namiji mata har huɗu, saboda haka namiji ɗaya da mata biyu ba lallai ne ya ƙare da zaɓin ɗaya ba. Rikicin yakan koma cikin gida, tsakanin uwargida da amarya, a kan rabon kwana da girki da 'ya'ya, wani lokaci har da zuwa wurin boka. Ciwon da ya fi zurfi shi ne na aminiya. Uwargida ta jawo ƙawarta jiki, ta ba ta sirrin ɗakinta, ita take aika ta kai wa maigida abinci a falo ranar da ba ta da lafiya, sai kwatsam ta ji an kai lefe gidan su ƙawar. A shari'a auren halal ne, a idon jama'a kuwa cin amana ne, kuma a cikin wannan rata finafinan suke samun ƙarfinsu. Idan mace ɗaya ce da maza biyu, babu mafita sai ɗaya ya haƙura. A nan ake jawo hadisin da ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa. Haka kuma labarin ya da ƙanwa da suke son mutum ɗaya yana da iyaka, tunda aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta haɗa 'yan'uwa mata biyu a aure lokaci guda.

Kwartanci, musamman na matar aure, ba a nuna shi ƙarara. Tun bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ana sa ido sosai kan taɓa jiki tsakanin mace da namiji, sai daraktoci suka koma ga ishara: wayar da ake kifewa idan miji ya shigo, ƙofar da aka turo, mota tsaye a bakin layi da dare. Mai laifin kuma kusan kullum yana girbar abin da ya shuka kafin fim ya ƙare.

Nollywood

Masana'antar bidiyo ta Legas ta tashi ne bayan Living in Bondage na 1992, kasuwannin Idumota da Alaba suka zama cibiyar rarraba kaset. Yawancin labaranta sun ginu kan auren coci ko na rajista, wanda ba ya ba da damar mata biyu, don haka ta ukun takan zama dadiro da aka ajiye a ɓoye. Fifty, wanda Biyi Bandele ya ba da umarni a 2015, ya bi rayuwar mata huɗu 'yan Legas, ya haɗa abota da cin amanar aure a tsakaninsu.

Kallo a yau

Kaset da faifan CD sun kau. Ana kallo a waya ta YouTube, ko a tashoshin Arewa24 da Africa Magic Hausa, jigon kuma ya koma cikin finafinai masu dogon zango. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na kamfanin Algaita, suna da masu kallo sosai.

Saɓani

Wasu malamai da iyaye suna ganin jigon yana ɓata tarbiyya, yana kuma sa mata zargin ƙawayensu. Masu shirya finafinan suna cewa faɗakarwa suke yi kan abin da ke faruwa a gidaje. Masu nazari kuma sun rabu kan ko kwaikwayon Indiya ne zalla, ko kuwa tsohon labarin kishi ne na tatsuniyoyin Hausa ya shiga fim.