Ampul ɗin LED da ba ya gajiyar da ido: tambayoyi da amsoshi

Ampul sabo ne, haske garau, me ya sa idona ke nauyi?

Sau da yawa haske ne ke rawa ba ka gani ba. Kuran da kamfanin lantarki NIGELEC ke kawo mana yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ampul mara kyau yakan yi sama ya yi ƙasa sau 100 a daƙiƙa guda. Ido ba ya kama wannan saurin, amma wasu mutane suna jin sa a jiki: ciwon kai, zafin ido, layin rubutu ya riƙa yi maka gizo. Ƙanwata tela ce a unguwar Bukoki ta Yamai, da dare take ɗinkin sallah. Ta sha ce mini allurar keke na rabuwa biyu a idonta. Da muka canja ampul ɗin shagon, abin ya lafa.

To ina matsalar take a cikin ampul ɗin?

A gindinsa. Akwai ƴar na'ura can ciki da ke daidaita kuran kafin ya kai ga ƙwayoyin haske. Tsohon ƙwai mai zare yakan riƙe zafi, sai rawar ta ɓuya, shi kuwa LED yana bin kuran nan take, yadda ya zo haka yake haskawa. Masu yin na araha a wannan na'urar suke rage kuɗi. Ga kuma zafin Yamai na Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, yana saurin tsufar da ita. Ampul da ya fara lafiya kan iya soma rawa daga baya, musamman in an rufe shi cikin gilashi ba iska.

Yaya zan gane tun a kasuwa?

In ka je Katako ko Babbar Kasuwa, ce wa mai shago, "Alhaji, don Allah a kunna mini shi." Buɗe kyamarar salula, ka sa ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali, ka matso kusa. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, ajiye shi. Ko ka kaɗa biro da sauri ƙarƙashin hasken: in ka ga biro ya zama biyar a jere, rawa ce. Ni dai ba na biya sai na yi wannan gwajin.

Rubutun kwali fa?

Nemi "sans scintillement", wato "ba ya rawa" da Faransanci. Tun 1 ga Satumba 2021 Tarayyar Turai ta sa iyaka ga rawar hasken ampul ɗin da ake sayarwa can, amma kwali ana iya buga masa komai, don haka gwajin ya fi rubutun.

Fari fat ko mai ruwan ɗorawa?

Wannan ba ruwansa da rawa. Lambar da ke kan kwali mai K a ƙarshe ita ke nuna launin hasken: 6500K fari ne fat, 4000K ya fi daɗi ga karatu da ɗinki, 2700K mai ruwan ɗorawa kuma na ɗakin kwana ne. Lumen kuwa ma'aunin yawan haske ne: lumen 800 ya ishi ƙaramin ɗaki.