Hanyar ƙafa da ta keke a bakin ruwa cikin gari

Hanyar bakin ruwa fili ne da ake tsarawa a gefen kogi, rafi, tafki ko kududdufi domin masu tafiya a ƙafa da masu keke, a raba su da motoci da babura. A biranen da ke bakin teku ko babban kogi ruwan yana nan shekara duka, mai tsara hanya ya san inda gaɓa take. A Katsina da Daura lamarin ya sha bamban. Ruwan da ke cikin gari na damina ne: kududdufan da aka haƙa tun zamanin da ake ɗibar ƙasar tubali domin ginin gidaje da ganuwa, sai rafuka irin su Ginzo da Tille a Katsina, waɗanda ke cika su tumbatsa a watan Agusta, su koma ɗan siririn ruwan kwata da rani. Don haka abu biyu ke yanke hukunci a kan kowane zane a nan: iyakar da ruwa ke kaiwa a tsakiyar damina, da zafin ranar Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40.

Misalai daga wasu ƙasashe

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an rushe babbar gadar motoci da ta rufe rafin Cheonggyecheon, aka buɗe rafin da hanyoyin ƙafa a gefensa tsakanin 2003 da 2005. A Paris ta Faransa an hana motoci bin wani sashe na titin bakin kogin Seine a 2016. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne birnin Sebiya na Sifaniya, gari mai tsananin zafi, inda aka shimfiɗa kusan kilomita 80 na hanyar keke cikin 'yan shekaru daga 2006, aka raba ta da titin mota da shinge, masu hawa keke kuma suka ninka sau da yawa.

Gano iyakar ruwa

Aikin farko ba a ofis ake yin sa ba. Matsakaicin ruwan saman Katsina yana tsakanin milimita 600 zuwa 700 a shekara, amma kusan duka yana sauka ne cikin wata huɗu, wani lokaci kaso mai yawa a dare ɗaya, kamar yadda ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta nuna, wadda ta ci rayuka sama da 40. Mai zane zai zagaya wurin a watan Agusta, ya dubi tabon ruwa a jikin katangu da ledojin da suka maƙale a rassan bishiya, ya kuma zauna da mai unguwa da dattawan da suka daɗe a wurin su nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni. A kan wannan layin ake ƙara santimita 30 zuwa 50, a nan ne doron babbar hanya zai zauna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cike gefen kududdufi da ƙasa domin a sami faɗin hanya. Kududdufi rumbun ruwan unguwa ne. Duk tifar ƙasar da aka juye a cikinsa, ruwan da ya kamata ya zauna a gurbinta zai nemi wani wuri, kuma yawanci zauren wani yake shiga. Idan fili ya yi kaɗan, gara a rage faɗin titin mota ko a biya diyya a ja shinge baya. Inda gaɓa ke da faɗi ana iya yin hawa biyu: ta sama wadda ruwa ba ya kaiwa, da ta ƙasa kusa da ruwa wadda aka san za ta nutse makonni kaɗan a shekara. Ta ƙasan da kankare ko dutse ake yin ta, ba a sa mata fitila ko wani abin da ruwa zai lalata.

Kafin a aza bulo ko ɗaya sai an tare ruwan kwata. Magudanan gidaje da ke zuba kai tsaye cikin rafi ana haɗa su a lambatu ɗaya rufaffe, a sa ragar ƙarfe a bakin kowace kwalbati ta tare leda da robobi, a kuma sa wanda zai riƙa kwashe ta bayan kowane ruwa. Hanyar da ke wari ba mai zama a gefenta, kuma wurin da mutane suka ƙaurace wa shi ke komawa bola da wurin bahaya.

Faɗi da rabo

Ana auna faɗi da wanda zai bi hanyar a zahiri: mace da goyo tana riƙe da hannun yaro, makaho da ɗan jagora, mai keken guragu, ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki, 'yan makaranta da ke fitowa a ayari. Mafi ƙarancin faɗin hanyar ƙafa shi ne mita 1.8, wanda zai ba keken guragu biyu damar wuce juna, amma kusa da makaranta, kasuwa ko masallacin Juma'a ana bukatar mita 2.5 zuwa 3. Wannan faɗin na tafiya ne zalla. Turken fitila, benci, teburin mai shayi da bishiya duk suna da nasu layin daban.

Hanyar keke mai zuwa da dawowa tana son mita 3, kada ta gaza 2.5. A bakin ruwa irin wannan ta fi dacewa, domin a ɓangaren ruwa babu lunguna da ƙofofin gida da za su riƙa yanke ta. Jerin da aka fi amfani da shi daga ruwa zuwa titi shi ne: gaɓa mai ciyawa, hanyar ƙafa, layin bishiyoyi mai faɗin mita 1.5 zuwa 2, hanyar keke, sannan tazarar aƙalla rabin mita da dakali mai tsayin santimita 10 zuwa 15 kafin titin mota. Jimla, ban da gaɓar, kusan mita 7 zuwa 8 da rabi. A cikin tsohon gari, inda da wuya a sami haka, ana haɗa mai ƙafa da mai keke a hanya ɗaya mai faɗin mita 3.5 zuwa 4. Fenti kaɗai ba ya raba hanya: ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta shafe shi, direba kuma ba ya jin nauyin taka layi.

Matsalar babur

Wannan shi ne wurin da zane da yawa ke faɗuwa. Turakun kankare da ake kafawa a mashiga ana ba su tazarar mita 1.5 domin keken guragu da kurar ɗan garuwa su wuce. Wannan tazarar tana hana mota da yawancin masu ɗaukar kaya, amma ɗan acaba zai ratsa ta ko birki bai taka ba. Idan aka matse turakun har babur ya kasa shiga, an kori gurgu tare da shi. Babu shingen da ke warware wannan shi kaɗai. Abin da ke aiki shi ne a tabbatar titin da ke gefe yana da kyau har mai babur ba ya da ribar barin sa, a ware wa 'yan acaba da masu Keke Napep tasha mai inuwa a kowace mashiga, sannan a yi yarjejeniya da shugabannin ƙungiyarsu da masu unguwa tun kafin buɗe hanya. Watannin farko ne ke kafa al'ada. Idan aka bar babur ya saba, fitar da shi sai da rigima.

A wuraren tsallaka titi ana ɗaga kwalta ta yi daidai da hanyar ƙafa, tudu mai faɗin doro da tsayin santimita 8 zuwa 10, domin a tilasta wa mota saukowa zuwa kilomita 30 a awa. A wannan gudun mafi yawan waɗanda mota ta buge suna tsira da ransu, a kilomita 50 kuwa haɗarin mutuwa yana ninkuwa sau da yawa.

Daɓe da gangara

Ana kankare ƙasar sama mai taushi, a zuba jan burji mai kaurin santimita 15, a jiƙa shi a daɓe da inji, sai yashi santimita 3 zuwa 4, sannan intalok, wato bulon daɓe mai shiga juna, mai kaurin santimita 6, ko 8 inda motar shara za ta hau. Dole a kafa dakalin kankare a gefe biyu kafin shimfiɗa. In babu shi, bulon gefe ke fara zamewa, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Intalok yana da sauƙin gyara kuma mai launin fari-fari bai kai baƙar kwalta ɗaukar zafi ba, wadda ke iya haura digiri 60 da tsakar rana. Ga keke kuwa kwalta ko kankare mai santsi ya fi daɗin tafiya.

Doron hanya yana karkata santimita 2 a kowace mita, kuma ya karkata zuwa layin bishiyoyi. Idan aka juya shi ruwa ya riƙa zuba ta kan gaɓa, damina biyu ta isa zaizaya ta ci ƙarƙashin hanyar. Gangarar hawa kada ta wuce mita 1 a cikin 20, a gajeren wuri 1 a cikin 12. Murfin lambatu na kankare ya fi na ƙarfe daɗewa, saboda na ƙarfe yana da kasuwa wurin 'yan jari-bola, kuma ramukansa su gitta hanya, kada su bi tsawonta tayar keke ta faɗa.

Gaɓa da tsaron yara

Kududdufi rami ne da aka haƙa, bakinsa a tsaye yake, shi ya sa yaro ke taku ɗaya daga ruwan idon sawu ya faɗa inda ya fi ƙarfinsa. Ana kwantar da gaɓar ta zama mita 1 na zurfi a kowace mita 3, a dasa jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai tana riƙe ta. Inda rafi ke karya kwana yana dukan gaɓa, ana jera ragar waya cike da duwatsu. Inda bakin ya zama dole ya tsaya a miƙe, ko a kan gada, ana sa shingen ƙarfe mai tsayin mita 1.1, ko 1.4 a gefen masu keke, sandunansa a tsaye, tazararsu ba ta wuce santimita 10 ba, don kada yaro ya taka ya hau ko ya cusa kai. Ruwan da ke kwance yana tara sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, saboda haka ba a yin matakalar da za ta gayyaci yara wanka, kuma ana kwashe kainuwa kafin ta rufe fuskar ruwan.

Masu lambu da ke noman latas da kabeji a bakin Ginzo, da masu wanki, da masu kawo dabbobi shan ruwa, sun riga hanyar zuwa wurin. Ana bar musu mashiga tasu mai daɓen dutse da bututun da tiyon ban-ruwa zai bi ta ƙarƙashin hanya. Idan ba a yi ba, da kansu za su fasa dakali.

Inuwa, fitila da wurin zama

Hanyar da ba ta da inuwa a Katsina ta asuba da bayan la'asar ce kawai. Bedi, wato dogon yaro, shi ne abin dogaro saboda saurin girma da jure fari, amma saiwarsa tana ɗaga intalok, don haka a ja shi nesa da bakin daɓe iya yadda fili ya bari. Maɗaci da tsamiya sun fi shi daɗewa da faɗin inuwa, sai dai suna da jinkiri, shi ya sa ake cakuɗa su. Gawo yana da ganye da rani lokacin da ake neman inuwa, amma ƙayarsa abokiyar gabar tayar keke ce, wurinsa can gefen gaɓa. Ana dasawa a farkon damina, tazarar mita 6 zuwa 8, a rami mai faɗi da zurfin mita 1 da aka cakuɗa da taki, a kewaye kowace da keji saboda awaki, a kuma sa kuɗin ban-ruwa na rani biyu ko uku a cikin kwangila tun farko. Yawancin dashen da ke mutuwa a gefen tituna a ranin farko suke mutuwa. Rassan da ke kan hanyar keke ana sare su zuwa tsayin mita 2.5.

Fitilun sola masu tsayin mita 4 zuwa 5, a tazarar mita 12 zuwa 15, sun fi dogayen fitilun titi amfani a nan, domin haskensu yana shiga ƙarƙashin bishiya. Batir a sama ake ɗaure shi, a kuma riƙa goge faifan da hunturu. Ana sa benci mai tsayin santimita 45 kusan kowace mita 100, da makewayi da wurin alwala a manyan mashigai. Wurin zaman majalisa kuwa a ja shi gefe, ya fuskanci ruwa, domin idan benci ya zo daidai bakin mashiga maza suka cika shi, mata da yawa za su gwammace su zagaya ta titin mota.