Mayar da gem fim: abin da ake nufi da inda aikin yake kwaɓewa

Idan aka ce wani fim daga gem aka ɗauko shi, ana nufin kamfanin fim ya sayi izinin amfani da sunan wani wasan bidiyo, da mutanen cikinsa, da duniyarsa, wani sa'in har da labarinsa, ya sake gina su yadda za a zauna a kalla ba tare da an danna komai ba. A wajenmu an saba da ɗan'uwan wannan aiki, wato mayar da littafin Hausa fim. Sai dai na gem ya fi wuya. Mai karatu da mai kallo duk bin labari suke yi, shi kuwa mai buga gem shi ke tuƙa labarin: shi ke tsalle, shi ke faɗuwa, shi ke sake gwadawa har sai ya tsallake. Da zarar an karɓe abin dannawa daga hannunsa, an bar gurbi. Duk aikin marubuci da darakta shi ne cike wannan gurbi, kuma a nan ake gane wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Da yarjejeniya ake farawa. Yawanci kamfanin fim yana biyan wani ɗan kaso ne ya riƙe izinin na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, kafin nan a rubuta labari a nemo kuɗi, sai a biya cikon idan za a fara ɗauka. Abin da ya fi muhimmanci a takardar shi ne wa ke da ta cewa. Kamfanin gem na Nintendo ya taɓa sakar wa 'yan Hollywood mara, a 1993 suka fitar da Super Mario Bros. da 'yan wasa na zahiri, a wani birni mai duhu da ƙazanta wanda bai yi kama da gem ɗin ba ko kaɗan. An kashe sama da dala miliyan 40, fim ɗin bai mayar da su ba. Shekara talatin bayan nan, da aka sake yin Mario da zane a 2023, Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, yana cikin furodusoshi tare da kamfanin Illumination. Wannan karon an samu fiye da dala biliyan 1.3.

Sai lissafin lokaci. Rubutaccen labarin fim shafi 90 ne zuwa 120, kuma ana ƙiyasta kowane shafi da minti ɗaya. Gem irin The Last of Us na 2013 kuwa yana cin wajen awa 15. Mafi yawan waɗannan awanni laɓe-laɓe ne, da buɗe durowa neman harsashi da tsumma, da haɗa makami, da faɗa da ayari bayan ayari. Mai bugawa ba ya gajiya da su don ransa ne a kan siraɗi, amma mai kallo minti biyar sun ishe shi. Abin lura kuma, a cikin wannan doguwar wahala ce mai bugawa ke shaƙuwa da Ellie, yarinyar da jarumin gem ɗin yake rakiya. In aka yanke wahalar ba a sa wani abu a madadinta ba, shaƙuwar ta tafi. An taɓa ƙoƙarin yin fim guda da wannan gem, abin ya tsaya, sai a 2023 ya fito a tashar HBO a matsayin shiri mai dogon zango, kashi tara a zango na farko. Neil Druckmann da ya rubuta gem ɗin ya haɗu da Craig Mazin, suka rage faɗa sosai suka ƙara hira. Sun kuma canza yadda cutar da ta addabi duniyar labarin ke yaɗuwa: a gem ƙurarta tana yawo a iska, sai mutane sun rufe fuska da takunkumi, a zangon farko na shirin kuwa an mayar da ita wasu jijiyoyi masu rarrafe. Canji ne mai ma'ana, domin ɗan wasa da fuskarsa yake aiki.

Ba dole ne a bi labarin gem sau da ƙafa ba. Shirin Fallout da Amazon ta fitar a 2024 ya ɗauki duniyar ne, da maɓoyanta na ƙarƙashin ƙasa da ƙungiyoyinta, ya ƙirƙiri sababbin mutane. Wannan hanya ta fi dacewa da gem ɗin da kowane mai bugawa ke zaɓar nasa tafarki, tunda babu labari guda da kowa ya yarda shi ne na asali. Akwai kuma masu ɗaukar suna kawai. Finafinan Resident Evil guda shida da aka fara a 2002 sun ginu ne a kan Alice, wadda babu ita a gem. Sun tara sama da dala biliyan ɗaya, amma har yau masoya gem ɗin da yawa ba su ɗauke su nasu ba.

Matsalar da ta fi zurfi ita ce jarumi. Da gangan masu ƙirƙirar gem suke barin jarumi ba surutu, wani ma ba a ganin fuskarsa, don mai bugawa ya ji shi ne. Fim kuwa yana bukatar mutum mai buri, mai rauni, wanda zai sauya daga farko zuwa ƙarshe. Da aka yi shirin Halo a 2022, jarumin ya cire hular kwanonsa tun a kashi na farko, abin da gem ɗin ya shafe shekaru yana kauce wa. Masoya da yawa sun ji an sauya musu mutum, kuma bayan zango biyu aka dakatar da shirin. Fim ɗin Doom na 2005 ya gwada ɗaya ɓangaren: wajen minti biyar kyamara ta zama idon jarumi, bindiga a gaba, kamar a gem. Yana burgewa na ɗan lokaci, amma ji kake kamar kana tsaye a bayan wani yana bugawa kana jiran ya miƙo maka.

Siffa ma tana kayar da fim tun bai fito ba. A Afrilun 2019 aka saki tallar fim ɗin Sonic, shuɗiyar bushiyar nan ta gem, aka ga an yi masa haƙora irin na mutum, da ƙananan idanu, da dogayen ƙafafu. Ca aka yi wa kamfanin a intanet. Darakta Jeff Fowler ya amsa cewa za a gyara, aka ɗage fitowar daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka sake zana shi da manyan idanu da farar safar hannu. Fim ɗin ya samu sama da dala miliyan 300, aka yi na biyu da na uku. Kuskuren farko shi ne tunanin cewa sai an kusantar da zane da halittar gaske kafin ya zauna a gefen ɗan'adam. Abin da ido ya saba da shi tun yarinta ba ya karɓar gyara irin wannan.

Ta fuskar kuɗi, gidajen sinima suna riƙe wajen rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafin da ake faɗa, shi ya sa ake cewa sai fim ya ninka kasafinsa biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara zancen riba. Warcraft na 2016 ya ci dala miliyan 160, ya samu wajen miliyan 439, kusan rabinsu daga ƙasar Sin, a Amurka ko miliyan 50 bai kai ba, kuma ba a yi na biyu ba. Ya cika wa baƙo kunne da sunayen masarautu da ƙabilu tun bai san wanda zai tausaya wa ba. Five Nights at Freddy's na 2023 dala miliyan 20 aka kashe masa, ya samu kusan miliyan 300. Borderlands na 2024 kuwa, gem ne na manya mai jini da baƙar magana, aka tausasa shi don matasa su shiga sinima. Masoya suka ƙaurace, baƙi ba su zo ba: an kashe sama da miliyan 100, an samu miliyan talatin da 'yan kai.

Wannan ne ya sa ra'ayi kan irin waɗannan finafinai yake rabuwa biyu. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyi kan finafinai, wajen kashi 59 cikin ɗari na masu sharhi ne suka yaba Mario na 2023, masu kallo kuwa sama da kashi 90. Mai sharhi labari yake aunawa, mai gem kuma yana neman ya ga abin da ya sani a gem ɗin Mario: koren bututu, sautin tsabar zinare, motocin tsere. A fim ɗin Minecraft na 2025 yara sun riƙa ihu suna watsa gugguru a sinima idan wani abu na cikin gem ya bayyana, kuma fim ɗin ya haura dala miliyan 900. A ganina irin waɗannan alamu gishiri ne, ba su ne miyar ba. Fim ɗin da ya dogara da su kaɗai yana sayuwa a makon farko, amma wanda bai taɓa buga gem ɗin ba zai zauna bai san abin da ake yi wa shewa ba. Ma'aunin da nake amfani da shi kenan: a cire duk alamun, a ga ko saura labarin da zai riƙe baƙo.

Gwaji na gaba mai wuya shi ne The Legend of Zelda, wanda Nintendo ta sanar a Nuwamban 2023 cewa za ta yi da Sony, da 'yan wasa na zahiri, Wes Ball ne darakta. Jaruminsa Link kusan ba ya furta kalma a gem tun 1986, kuma dole marubutan su yanke shawarar ko zai buɗe baki, da abin da zai faɗa in ya buɗe.