Yunwar Kwanakin Farko da Idon Ɗan Tsako

Masu kiwon kaji a Gombe, Kumo da Bajoga sun san cewa yawancin 'yan tsakin gidan gona daga Ibadan ko Jos ake kawo su, kuma sukan iso a galabaice. Ɗan tsako yana fitowa da ragowar kwanduwa a cikinsa wadda za ta iya riƙe shi kwana biyu zuwa uku, shi ya sa wasu suke ganin babu laifi a jinkirta ba shi abinci. Wannan kuskure ne, domin a waɗannan kwanaki ne yake koyon abin da ake ci da wanda ba a ci.

Da ido yake wannan karatu. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gane launi iri uku a idonsa, kaza kuwa tana da huɗu, kuma a cikinsu akwai ɗigon mai da ke tace haske, wanda launinsa daga abinci yake samuwa tunda jikin tsuntsu ba ya iya haɗa shi da kansa. Ɗan tsako yakan tsattsagi duk ƙaramin abu mai sheƙi, kuma masana sun daɗe da nuna cewa idan ya ɗanɗani abu mai ɗaci sau ɗaya tak, yakan guji mai irin launinsa daga baya.

Yunwa ce take rushe wannan taka-tsantsan. Binciken da aka yi a Jami'ar Newcastle ta Ingila a kan wasu tsuntsayen daji ya nuna cewa idan suka rame sukan ci tsutsar da suka riga suka san tana da guba. Haka muke gani a ɗakunan raino: 'yan tsakin da aka bari da yunwa sai su afka wa dusar katakon da aka shimfiɗa musu, cikinsu ya cika da abin da ba zai amfane su ba. A 1998 kuma Stephen Nowicki da abokan aikinsa a Amurka sun gabatar da hasashen cewa ƙarancin abinci a sheƙa yana tauye sashen ƙwaƙwalwar da tsuntsu yake koyon kuka da shi.

Saboda haka a tanadi ruwa da abinci tun kafin mota ta iso, a barbaɗa abincin a kan takarda a wuri mai haske. Bayan kwana ɗaya a kama kaɗan a shafa gindin wuyansu. Idan jakar abincin ta cika kuma tana da laushi, sun ci sun sha, idan kuwa da tauri to ruwa ne ya yi musu kaɗan.

Ga iyayenmu mata masu kajin gida da zabi, tsabar dawa da farar masara zalla ba su wadatar ba, domin ba su da isasshen sinadarin launin da ido yake buƙata. A haɗa da jar masara, garin busasshen ganyen zogale da gara, musamman da rani lokacin da ɗanyen ganye da ƙwari suke wuyar samu.