Waiwaye: hannun da mai zane ya cire

Gardama ta ƙi ƙarewa a fadojin Maradi kan zanen gwajin da wani matashi ya yi da fensir, wanda yake son ɗorawa a bango don tunawa da mutanen ƙauyukan bakin iyaka da ƴan bindiga suka tayar. Doki ne a durƙushe, mace na riƙe da fitila. Wasu sun ce zanen karaya ne, a miƙe da dokin, a ba mahayinsa takobi. Irin wannan saɓani ba yau ya fara ba.

Ranar 26 ga Afrilun 1937, ana cikin yaƙin basasar Sifaniya, jirage suka yi wa garin Gernika ruwan bama-bamai. Pikaso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya, yana Paris, an riga an ba shi aikin katafaren zanen bango. Ranar 1 ga Mayu ya fara gwajin zanen wannan hari a takarda: sa, doki mai rauni, mace da fitila a taga. Farkon Yuni ya gama.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru a tsakani. Hotunan da mai ɗaukar hoto Dora Maar ta riƙa ɗauka yana cikin aiki sun nuna cewa da farko mayaƙin da ke kwance ya miƙa hannu sama a dunƙule, a tsakiyar zanen. Kowa a lokacin ya san gaisuwar ɓangaren Jamhuriya ce, ɗaya daga ɓangarorin yaƙin, su ne kuma suka ba shi aikin. Daga baya ya sa wa hannun zangarniyar hatsi, da rana a bayansa. Sannan ya cire hannun gaba ɗaya. Ranar ta koma fitila mai kama da ido, mayaƙin ya rage a kwance da karyayyen takobi da ɗan fure kusa da yatsunsa. Uwar da ke kururuwa da gawar ɗanta kuwa ya bar ta.

A ganina nan gardamar ta samo tushe. Da ya cire alamar ɓangare, sai kowa ya shiga neman nasa ɓangaren a jikin dabbobin: wannan ya ce sa ɗin nan zalunci ne, wancan ya ce Sifaniya ce kanta. Masu son a ƙara takobi a Maradi hannun nan suke nema a mayar. Ina jin zafinsu, wallahi, wasunsu ƴan uwansu aka sace. Amma takarda ɗaya suka gani, yaron kuwa bai gama gogewa da sakewa ba tukuna.