Wanda ya sha guba: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ni nas ce a Garwa, ƙasar Kamaru. Da damina ta kama aka fara feshin auduga, tambayoyin nan ne kullum. Ga amsa a rubuce.

In sa masa yatsa a baki ya yi amai?

A'a.

To manja fa, ko madara?

Ba sa kashe guba. Manjan da kuke ɗura wa yaro yana kuka yana shure-shure, sau da yawa huhu yake zarcewa.

Ɗana ya sha kananzir, me ya sa kuka ƙi wanke masa ciki?

Don kananzir da fetur a huhu suke ɓarna, kuma dawo da su sama shi ke kai su can. Haka sodar yin sabulu: ta ƙona maƙogwaro da shiga, za ta sake ƙona shi da fita. Ke kuma baiwar Allah, wa ya aike ki zuba kananzir a gorar ruwan sha?

Gawayin murhu zai yi?

Ba zai yi ba. Na asibiti, wanda ake ba mutum ya sha don ya kama gubar a ciki, sarrafa shi ake yi musamman: giram 50 ga babba, yaro kuma giram 1 a kowane kilo na nauyinsa.

Muna ƙauye, tafiyar awa uku zuwa asibiti, maigida ya sha maganin feshi. Wankin ciki zai yi amfani kuwa?

Ya danganta. Wankin ciki da gawayi sun fi aiki a cikin awa 1 da sha, bayan nan yawancin gubar ta wuce zuwa hanji, ta fara shiga jini. Likita na iya ba da gawayi ko da an ɗan wuce lokaci, gwargwadon abin da aka sha da yawansa. Shi wankin kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Roba ake zura wa mutum ta baki har ciki, yana kwance ta gefen hagu, kansa ya ɗan yi ƙasa. In ba ya cikin hayyacinsa, sai an fara sa masa bututun numfashi, wanda ba kowane asibiti ke da shi ba. Shi ya sa yanzu ba kasafai muke yi ba, ba wai ganda ce ba. Amma ku kwantar da hankalinku, kada ku ce an makara. Yawancin maganin feshin nan da ke sa dalalar miyau da gumi da tsukewar ƙwayar ido, allurar atirofin ce maganinsa, kuma tana aiki ko bayan awa uku. Ku ɗaura leda a hannu, ku tuɓe masa kayan da maganin ya taɓa, ku wanke jikinsa da sabulu, ku kwantar da shi ta gefe, ku kama hanya.

In taho da kwalbar?

Taho da ita. Ko da Faransanci aka rubuta, mu za mu karanta.