Tauraruwar fim Audrey Hepburn: ku karanta kafin ku sake tambaya

'Yar'uwar Katharine Hepburn ce?
A'a. Katharine wata tauraruwar fim ce daban, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi kansa Hubert de Givenchy, Bafaranshe mai zayyana tufafi, da aka ce masa Hepburn na tafe a 1953, Katharine ya zata.

Ba'amurkiya ce?
Ba ita ba ce. A Brussels aka haife ta, 4 ga Mayu 1929, uwa 'yar Holan, uba Bature ɗan Birtaniya.

Me ya sa ta rame haka?
Ku daina cewa gayu ne. Yunwar da aka sha a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 ta same ta tana budurwa, har ta hana ta zama gwanar rawar bale (wata rawar Turawa) da take buri.

Zan iya kai wa tela hoton baƙar rigar fim ɗinta Breakfast at Tiffany's ya ɗinka mini?
Za ki iya, amma a hankali. Givenchy da satin ya yi ta don fim ɗin na 1961, doguwa har ƙasa, ba hannu, kuma duk gwanintar a bayanta take, inda aka yanke wuyan. Satin ba ya rufa wa tela asiri. In allura ta yi kauri sai zare ya ja, in aka farke ɗinki ramukan na nan, guga mai zafi kuma ta bar masa tabo. Yadi huɗu yakan isa, ya danganta da tsayinki da faɗin yadin, sannan a sa shafi, in ba haka ba ta manne a jiki. A fara gwada yankan da yadi mai araha. Wata matsalar ita ce jiki: Audrey siririya ce mai dogon wuya, to mai ƙiba sai an sauko da ƙugun kaɗan an buɗa ƙasan, ko tafiya ta gagara. In kina son hannu, a sa dogo matsattse, kada a yi masa tattara. Ba za ta fito sak ba, kada ki damu. Ko wadda aka yi gwanjonta a Landan a 2006 kan fam 467,200 ba ita ta sa a fim ɗin ba.

Muryarta ce a waƙoƙin fim ɗin My Fair Lady?
Mafi yawansu mawaƙiya Marni Nixon ce ta rera.

Ta zo Afirka?
Ta zo, a matsayin jakadiyar UNICEF: Habasha a 1988, Sudan a 1989, Somaliya a 1992. Ta rasu a Suwizalan ranar 20 ga Janairu 1993.